Sarauta Mai Barci a Tsibirin Yayyafi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya ba kowace al'umma hankalinta, ya kuma bar ta da wautarta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni Barira 'yar Hanne, mai man gyaɗa ta Tudun Gishiri, ni ce na je Tsibirin Yayyafi na dawo da raina, ni ce kuma nake ba da labarin da hannuna. Karatuna ba shi da zurfi, ku yi haƙuri da rubutun. Ku kuma sani ni matsoraciya ce. Ko kwalekwalen rafinmu ban taɓa shiga ba sai na runtse ido. Ba jarumtaka ce ta fitar da ni ba, ɗa ne.

Ɗa guda Allah ya ba ni, shi ne na fari, bayansa ban ƙara ba. Ubansa ya rasu yana goye. Da na yaye shi, mahaifiyata Inna Hanne ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi da ɗan fari a garinmu. Ya tashi yana ce mata Inna, ni kuma yana ce mini Yaya. Ya san ni na haife shi, kowa ya sani, amma ba a faɗa. Ban taɓa kiran sunansa ba. In zan ba shi tuwo sai in ce, "A miƙa wa wancan." Ko a wannan takarda ba zan rubuta sunan ba sai inda ya zama tilas.

Akwai wata alama a gidanmu, ɗan farin gashi a gaban goshi, da shi ake haifar mu. An ce gadon kakar Inna ne, wata farar mace da fatake suka tsinta a bakin teku bayan jirgi ya fashe da ita. Ɗaya daga cikinsu ya aure ta, ya kawo ta garinmu. Baƙuwa ake ce mata har ta mutu. Inna ta ce in aka fara yayyafi sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ba wanda ya san dalili.

Bayan rasuwar Inna, yaron ya zama cikakken saurayi, yana dukanci a kasuwa. Wata rana sai ga wani dogon mutum cikin baƙaƙen kaya, kunnuwansa ja kamar an murza su. Asgudu sunansa. Ya daɗe yana yawo a ƙasashenmu har ya iya harshenmu, sai dai yana yin sa kamar mai tauna tsakuwa. Hular yaron ta faɗi garin sunkuyawa, mutumin ya ga farin gashin, ya tsaya cik.

Ya ce, "Wa ta haife ka?"

Yaron ya ce, "Inna Hanne, Allah ya jiƙanta."

Suka iso gida tare, suka tarar da ni da maƙwabta muna ɓarar gyaɗa. Asgudu ya nuna shi ya ce da ni, "Wannan ɗanki ne?"

A gaban mutane! Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan Inna ne."

Ya ce, "To ke 'yar'uwarsa ce. Madalla. A ƙasarmu in akwai namiji ba a ƙirga mace."

Ya zauna ya ce Baƙuwa ɗiyar Uban Ƙasar Tarnamu ce, a Tsibirin Yayyafi, kuma sarauta tana can tana jiran jininta, da gonaki, da dawakai, da gida mai ɗakuna fiye da na garinmu duka. Na ga idon yaron yana ƙyalli. Na ce me ya sa sai yanzu? Sai ya dubi ƙafafun yaron ya ce, "Ya iya ruwa?" Na ce bai iya ba, ni na sa Inna ta hana shi zuwa rafi tun yana ƙarami. Ya gyaɗa kai kawai.

Na hana, na yi kuka, na sa dattawa baki. Yaron ya ce, "Yaya, ke komai tsoro. In na zauna lafiya zan aiko a ɗauke ki." Suka tafi. Asgudu ya bar mini turmin baƙin yadi mai laushi, ya ce haka suke ba dangi.

Yadin yana shanye a igiya Baba Nomau ya shigo sayen mai. Tsohon farke ne, ya taɓa zuwa bakin teku ya zauna da mutanen tsibirin. Ya taɓa yadin ya ce, "Barira, wa ya rasu muku?"

"Babu kowa, Baba."

"Mutanen nan ba sa ba da irin wannan sai gidan da aka yi rashi. Ko gidan da za a yi."

Ban ƙarasa auna masa man ba. Na ɗaure yadin, na ɗaure daddawa da garin yaji, na bi ayari.

Ba zan tsawaita da hanya ba. Na ratsa daji, na ratsa ƙasar mutanen da suke gina gidajensu a kan bishiya, na isa bakin teku na ga ruwan da ba shi da tsallake. Wani jirgi ya ɗauke ni wankin tukwane, a nan na tsinci harshen tsibirin daga bakin masu girki, zagi na fara iyawa. Mun ratsa wani ruwa inda kifaye suke bin jirgi suna kuka kamar jarirai, na toshe kunnena da auduga. Muka yi ta tafiya har rana ta koma kamar fitilar da aka kife wa ƙwarya. Sai yayyafi ya fara, kuma ban sake ganin ya ɗauke ba.

Inda jirgi ya tsaya, Tashar Ƙanne ake ce mata. Duk masu dako da masu tuƙin kwalekwale na wurin maganarsu ta manya ce, rigunansu tsumma. Wanda ya ɗauke ni zuwa gaɓa, Walta, ya ga ina kallon zoben da ke hannunsa, ya yi dariya.

"Uwa, duk nan 'ya'yan sarauta ne. Amma mu ƙanne ne. A ƙasar nan babban wa ke cinye komai, gida da gona da suna, har cokali. Sauran mu sai teku. Ni wana ya riga ni fitowa da abin da bai kai shan ruwa ba, tagwaye ne mu. Yana can yana cin naman barewa."

Na ce Tarnamu nake nema. Ya saki filafilin, ya dube ni. "Ke dangin baƙon nan ce da aka kawo?"

Shi ya ba ni labarin da Asgudu ya ɓoye. Ƙasar Tarnamu ta fi teku ƙasa. Wani mutum ne a zamanin da ya gina ganuwa ya tare ruwan, sarkin tsibirin ya ba shi sarautar wurin da gudumar ƙarfe, ya ce daga shi sai jininsa. Sarauta ta yi ta bin uba da ɗa. Wani ya yi tawaye aka sare masa kai, jikansa ya roƙa aka mayar masa. Har aka zo kan wanda ya mutu bai bar namiji ba, sai 'ya'ya mata uku.

"A nan mata duk ɗaya ne, ba babba ba ƙarama," in ji Walta. "Ba a gutsuttsura sarauta, ba a kuma ba ɗaya a hana biyu. Sai a ce ta yi barci. Ba za ta farka ba sai zuriyar biyu ta ƙare, ta guda ta rage."

"To ba sai a jira ba?"

"Sun jira, uwa, har ganuwa ta fara tsagewa. Shi ne suka tono tsohuwar al'ada. Ba sa kisa, a'a, mutanen kirki ne su. Sai dai su fitar da magada kan rairayi lokacin da teku ya janye, su ce su taka zuwa tsohuwar hasumiya inda gudumar take. Wanda ƙafarsa ta fara taka dutsen ƙofa shi ne Uban Ƙasa. Ɗayan, teku ya zaɓe shi. An taɓa yi ina yaro. Maza biyu suka shiga, ba wanda ya iso."

A ranar zuriyar ƙaramar ɗiya ta ƙare. A zuriyar babbar saura wata tsohuwa, Edita, ƙanwar ɗaya daga cikin mazan nan. Har za a naɗa ta, sai wani ya tuna ba wanda ya ga gawar ɗiya ta tsakiya, wadda jirgi ya fashe da ita. Baƙuwarmu kenan. Shi ne aka tashi Asgudu ya bi duniya.

Na amayar da abin da na ci a cikin kwalekwalen bawan Allah, ya ɗauki filafilinsa ya ci gaba da tuƙi.

Tsakanin tashar da ƙasar masu sarauta akwai gada, da masu tsaro. Ba mai wucewa sai ya jero kakanninsa, ko ya nuna shi bawan wani gida ne. Babbansu ya tare ni da sanda.

"Ke 'yar wa ce?"

Na ce ni mai girkin sabon magajin Tarnamu ce, cikinsa ba ya karɓar abincinsu, an ce in kawo masa na gida.

"Buɗe mu gani."

Na kwance ƙullin daddawa, wadda ta kwana ta tashi a cikin jirgi, na kai masa ita har hanci. Ya ja da baya ya taka ɗan'uwansa. "Wannan ake ci? Wuce! Wuce, kada ki tsaya a kan gadar!"

Daga nan hanya ta bi ta wani kwari mai manyan gidajen dutse. Kowane gida an kife garkuwar sarauta da ke rataye a ƙofarsa, kai a ƙasa. Gidajen da sarautarsu ta mutu ne, ba magaji ko guda. Na leƙa wani don in sha ruwa, na ga dogon tebur an jera farantai, wata tsohuwar baiwa tana zuba miya a gaban kujerar da ba kowa. Ta rusuna wa kujerar, ta jira, ta ɗauke miyar ta zubar. Na ce, "Iya, wa kike ciyarwa?" Ta ce, "Shi, ubangidana. In ba shi, ni wace ce?" Na fita ban sha ruwan ba.

Tarnamu kuwa, tun daga nesa na ji ta kafin in gan ta. Teku yana dukan ganuwa a saman kanka, kana tafiya a ƙasa. Ruwa na tsattsafowa ta tsagogi kamar gumi. Kowane gida an ɗaure ƙaramin kwalekwale a jikin taga, yara a ciki suke kwana. Ga duwatsu nan a jibge a gindin ganuwar, ga maza majiya ƙarfi a tsaye suna kallo. Na ce da wata mai wanki, "Su waɗannan ba su da hannu ne? Su toshe mana!" Ta dafe ƙirji. Ta ce ba mai ɗora dutse a ganuwa sai Uban Ƙasa ya fara bugawa da guduma. Ta matsa daga kusa da ni kamar na yi saɓo.

Asgudu bai yi mamakin ganina ba. Shi ne wakilin gidan. Ya ce, "'Yar'uwar magaji. Kin zo da yadin?" Ya sa aka kai ni wurin yaron.

Na same shi a wani ɗaki mai murhu, an sa masa rigar gashin dabba, dogarai biyu a ƙofa. Ya rame. Da ya gan ni ya miƙe.

"Yaya! Wa ya ce ki zo?"

"Tashi mu tafi gida."

"Ba a fita. Na ce musu na yafe sarautar, sun ce jini ba ya fita ta baki." Ya zauna. "Jibi ne za a fitar da mu kan rairayi. Na ga tsohuwar, Yaya. Da sanda take tafiya. Ta ba ni tuffa ta ce in ci in yi ƙarfi. Ni ba zan yi tsere da ita ba. In sun kai mu, zan tsaya inda suka ajiye ni."

"Ka tsaya ruwa ya zo?"

"Gara haka da in dawo Tudun Gishiri a ce na bar tsohuwa a ruwa saboda gida."

Inna ce ta yi masa wannan tarbiyyar, Allah ya jiƙanta, ranar har haushinta na ji. Na zauna ina juya maganar Asgudu ta ranar farko: in akwai namiji ba a ƙirga mace. Tsakanin wa da ƙanwa kenan. Na ce, "Ashe in uwa tana raye, ɗa ba ya tsallake ta ya ci gado?"

Ya gane. Ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba. "Kada ki soma. Wallahi zan ƙaryata ki."

Washegari aka tara mutane a babban zaure don a nuna magada. A bangon zauren an sassaƙa sunayen zuriyar kamar rassan bishiya, wasu rassan an kankare su. Aka shigo da Edita, 'yar ƙaramar tsohuwa, kanta duk fari har ba a gane alamar. Aka shigo da yaron. Asgudu ya fara jero kakanni. Ni ina can baya cikin masu girki. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar zauren ba.

Na ce, "Wakili, an yi kuskure. Wannan ba ɗan Hanne ba ne. Jikanta ne."

Asgudu ya ce, "Ke da bakinki kika ce ɗan Inna ne."

"A garinmu ba a nuna ɗan fari. Kunya ce. Da ka tambayi ko akuyar gidanmu da ta faɗa maka."

Yaron ya ɗaga murya ya ce, "Yayata ce! Tafiya ce ta taɓa mata kai, ku mayar da ita."

Asgudu ya ce, "Kin ji. Kina da shaida?"

Ba ni da takarda, ba ni da kowa. Na juya na dubi yaron sosai, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Na ce da harshenmu, da ƙarfi:

"Yahuza!"

Ya firgita kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Yahuza, ni na ɗauki cikinka, ni na haife ka a ɗakin Inna ranar da ƙanƙara ta kashe mana kaji. In ka ƙara cewa ni yayarka ce, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Gwiwoyinsa suka kai ƙasa. Ya rufe fuska da rigar gashin nan yana kuka kamar yaro. Asgudu ya ji harshenmu, ya kuma ga abin da ya gani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da dogarai, "A cire masa rigar. A sa mata."

Washegari da hantsi suka fitar da mu, ni da Edita. Teku ya janye har ba a ganinsa, sai rairayi mai sheƙi, can nesa ga hasumiya baƙa a kan dutse. Asgudu da dattawa sun riga sun tafi can ta kwalekwale tun ruwa bai janye ba. Mutanen gari suka jeru a kan ganuwa. Maza huɗu suka riƙe yaron. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan iya ba.

Aka kaɗa ƙararrawa. Na taka, ƙafata ta nutse har idon sawu. Na tsaya ina salati.

Tsohuwar ta ce, "Ba nan ba. Inda rairayi ya yi sumul, nan ne bakinsa, haɗiye mutum yake yi. Taka inda ya yi kaushi." Tana tafe tana dogara sanda, taki ɗaya sai ta huta. "Tun ina yarinya nake tsintar katantanwa a nan. Na san rairayin. Ƙafafun ne babu. Ke kuma ga ƙafafu, ba ido. Tafi ke dai, zan riƙa yi miki ihu daga baya har inda murya ta kai."

"Ke fa, Gwaggo?"

"Me kika kira ni?"

Na ce haka muke kiran babbar 'yar'uwa ta wajen iyaye. Ta maimaita kalmar, ta yi dariya. "Ni tun ranar da na tsaya a kan ganuwar can na ga wana ya nutse nake jiran yau. Je ki, kina da ɗa."

Na duba gaba, na duba ta. Ba ta kai buhun gyaɗa nauyi ba. Na yar da rigar gashin, na kwance baƙin yadin Asgudu da na yi ɗamara da shi, na durƙusa na ce, "Hau."

"In hau ina?"

"Bayana. Ba a goyo a garinku?"

Na goya ta, na tamke yadin a ƙirji da ciki, kamar yadda na goya wancan. Daga kan ganuwa na ji wata irin ƙara, kamar ta shanu in sun ga kura. Ba wanda ya sauko, don al'adarsu ta hana kowa taka rairayin.

Muka tafi. In za a yi dama ta ja kunnena na dama, in hagu ta ja na hagu. "Jakar kirki," in ji ta. Na ce, "Gwaggo, zan sauke ki fa." Muka wuce wani wuri inda kan sanda ya leƙo daga rairayi, na gane nan wanta ya nutse, ta kwantar da kanta a wuyana har muka wuce.

Sai na ji iska ta canja. Can gefen sama wani farin zare ya bayyana, teku ne yake dawowa.

Ta ce, "Kada ki duba. Kada ki yi gudu kuma, mai gudu yake fara haɗiyewa. Taka kawai."

Ruwan bai zo da hayaniya ba. Ta bayanmu ya zagayo, shiru, mai sanyi kamar ƙarfe. Ya kama idon sawu. Ya kama gwiwa. Ba a ganin rairayin kuma, sai ta riƙa lalubawa da sandarta ta kan kafaɗata. Ya kai ƙugu. Na karanta duk abin da na iya, ya ƙare, na koma farko. Da ya kai ƙirji sai ƙafafuna suka fara tashi daga ƙasa, nauyinta ne kawai ya danne ni. Na ɗaga kai, sai ga dutsen ƙofa a gabana, faffaɗa, ruwa na lasar bakinsa, Asgudu da dattawa a tsaye a sama.

Ta ce a kunnena, "Taka. Ke kika kawo mu."

Na tuna tsohuwar nan mai zuba wa kujera miya. Na tuna bangon sunaye, da inda za a sassaƙa na yaron, da na 'ya'yansa. Na juya wa dutsen baya, na kwance ƙullin. Ta faɗa a kai, ƙafa da gwiwa.

Dattawa suka zube. Asgudu ya ce, "Sarauta ta farka."

Ni kuwa nauyi ya bar ni, ruwa ya ɗauke ni. Na cafki gefen yadin, ɗaya gefen yana hannunta. Ta yi ihu, "Ku ciro ta!"

Asgudu bai ko dubi inda nake ba. "Ranki ya daɗe, ba kowa a ruwan. Wanda bai iso ba ya mutu. Haka yake tun farko."

Na sha ruwa, na fito, na sake sha. Na ji muryarta ta canja, ta zama irin ta masu gida.

"To ku ciro mini gawar 'yar'uwata in yi mata sutura. Ko ita ma al'ada ta hana?"

Suka dubi juna. Al'ada ba ta hana ba. Suka ja yadin.

Ina kwance a kan dutsen ina aman ruwan gishiri na ji ƙarar guduma a cikin hasumiya. Edita ce ta buga, sai da mutum biyu suka tallafa mata hannu. Daga can gaɓa aka amsa da ihu, maza suka ruga kan duwatsun nan da suka daɗe suna kallo.

Daga ranar mun zama matattu, ni da yaron. Aka kankare reshen Baƙuwa daga bango. Ba mai yi mana magana, ba mai sayar mana da burodi, in mun zo wucewa sai a dubi gefe. Edita kaɗai takan sa a ajiye abinci a bakin ƙofa, ta ce sadakar mamata ce. Walta ne ya zo ya ɗauke mu. Ya ce, "Mu ƙanne da matattu ai sahu ɗaya muke, uwa. Ku shigo."

Muna shiga kwalekwale sai ga Asgudu a gaɓa. Bai dube mu ba. Ya dubi teku ya yi magana kamar da iska yake.

"Uwar Ƙasa ta tsufa, ba ta da ɗa. Ganuwa kuwa kullum tana son guduma." Ya gyara hularsa. "Ban sani ba ko matattu suna haihuwa."

A jirgi, da muka fita daga yayyafi rana ta buɗe, yaron ya kawo mini ruwan zafi a kofi, ya tsuguna ya ce, "Inna, ga shi." Na ce, "Kai, ba ka da kunya? A gaban mutane?" Ya yi dariya, ni ma na juya baya. Ban ƙara kiran sunansa ba har yau, sau biyun nan sun ishe ni.

Mun dawo Tudun Gishiri. Ya koma dukancinsa, ya yi aure. Bara waccan matarsa ta haihu, namiji. Da aka miƙo mini shi, kafin in duba komai goshinsa na duba. Gashin yana nan, ɗan fari tas, kamar an ɗiga nono.

An yaye shi, yana hannuna yanzu. Duk Juma'a nakan aske masa kai da kaina, kada a ga alamar. Baƙin yadin na yanka na ɗinka masa huluna, har da na girma. In baƙo ya tambaya a kasuwa ɗan wa ne, na gaya wa kowa a unguwa abin da zai ce. Maƙwabta suna cewa Barira tsoro ya yi mata yawa, yayyafi kaɗan sai ta suri yaro ta shige ɗaki ta sa sakata.

Nan hikayata ta tsaya. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Wanda ya karanta ya sa Gwaggo Edita a addu'a, Allah ya ja kwananta, ya ja, ya ƙara ja.